Shirin Tiyatar Ƙugu Ga Mai Sikila, Suga Ko Hawan Jini

'Yan'uwana mata, a zagayen da nake yi cikin ƙungiyoyinmu ina yawan haɗuwa da matan da likita ya ce sai an yi musu aikin ƙugu, alhali suna fama da wani ciwon na dindindin. Wasu tsoro ke sa su zauna a gida har ƙafa ta gagara takawa, wasu kuma su tafi asibiti ba shiri a dawo da su. Shi ya sa zan yi bayanin abin da ya kamata a sani tun kafin a sa rana.

Me ke kawo aikin?

Ga mai sikila, jini ne ke kasa isa kan ƙashin cinya, wurin da ya shiga ƙugu. Sai ƙashin ya mutu a hankali, ya lotsa. Wannan ba karaya ba ce, don haka mai ɗori ba shi da abin da zai ɗora. Ga manyan mata kuma, gaɓar ce ke cinyewa saboda shekaru. Idan abin ya yi nisa, likita kan cire wurin da ya lalace ya sa gaɓar ƙarfe da roba. Ana yin irin wannan aiki a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Gyara jiki tukuna

Idan likita ya ɗage ranar aiki, kar ki ɗauka wulaƙanci ne. Ga abin da yake dubawa:

- Suga: idan ya hau, rauni ba ya saurin warkewa, kuma yana saurin yin ruwa. Akwai gwajin da ke nuna yadda sugarki ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, saboda haka kiyaye abinci na kwana biyu ba zai wadatar ba.
- Hawan jini: a sha magani kullum, ba sai kai ya yi ciwo ba.
- Sikila: sau da yawa akan ƙara jini kafin aiki. Ƙishirwa da sanyi suna tayar da ciwon, sai a kiyaye su.
- Ruɓaɓɓen haƙori, gyambo ko ciwon fitsari: a yi maganinsu tukuna, domin ƙwayoyin cuta kan bi jini su maƙale a jikin ƙarfen.

Kar ki ɓoye wa likita komai

Ki zuba duk magungunanki a leda ki tafi da su, har da jiƙo da garin magani na gargajiya. Wasu magungunan, irin su asfirin, suna hana jini tsayawa da wuri. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa kuma suna iya sa jini ya daskare a jijiya, shi ya sa akan dakatar da su kamar mako 4 kafin babban aiki. Idan kina zaton kina da ciki, ki faɗa. Amma kar ki tsayar da wani magani da kanki.

A ranar aiki akan hana cin abinci na aƙalla awa 6. To, mai suga ta tambaya tun da wuri: "Likita, yaya zan yi da maganina a safiyar?" Shan sa da yunwa na iya sa suga ya faɗi ƙasa warwas.

Batun kuɗi da jini

Ki nemi a rubuta miki lissafi a takarda: kuɗin ƙarfen, kuɗin aiki, gado, gwaji, magani da gashin ƙashi. Ki ƙara da kuɗin mota da abincin mai jinya. Idan kina da katin inshorar lafiya, ki tambayi ofishinsu abin da suke biya.

Shawarata a nan, kar ki ɗauki rancen ƙungiya na wata uku don biyan tiyata. Za ki yi makonni ba ki sana'a, to da me za ki biya? Gara a daidaita rana da lokacin rabon kuɗi ko bayan girbi, idan likita ya ce jiran ba zai cutar ba. Asusun taimakon juna zai iya ɗaukar kuɗin mota da abinci. A sanar da maigida da dangi tun da wuri, a kuma nemi masu ba da jini. Ga mai sikila, ana son jinin wanda ba ya ɗauke da sikila.

Gyara gida kafin tafiya

Yawanci akan tayar da mutum ya fara takawa da sanda washegari ko bayan kwana biyu. Amma a makonni 6 na farko akan hana tsuguno, zama a tabarma ko 'yar kujerar tsakar gida, da harɗe ƙafa. Kin ga ke nan masai na tsuguno ba zai yiwu ba. A sa kafinta ya huda kujera mai tsayi a ɗora a kai. A tanadi gado mai tudu, salla kuma a yi ta a zaune kan kujera. Daka, ɗiban ruwa da goyo, 'yan ƙungiya su raba a tsakaninsu, kowa da ranarta.

Alamomin komawa asibiti nan take

Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga raunin, kumburin sha-raɓa mai zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Ko da tsakar dare ne, kar a jira gari ya waye. A riƙe lambar mai mota tun kafin a sallamo ki.

A taronku na gaba ku tattauna: idan wata a cikinmu za a yi mata aiki wata mai zuwa, wa zai zauna da ita, kuma nawa asusunmu zai iya bayarwa? Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.