Tartsatsin Samaniya da Gigin Tsufa: Wa Ya Kamata Ya Damu?

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp, wataƙila ya taɓa isowa salularka: wai a kashe waya daga sha biyu da rabi na dare zuwa uku da rabi, domin wani mugun tartsatsi daga sararin samaniya zai gifta kusa da duniya. Saƙon ƙarya ne. Tartsatsin kam akwai shi, sai dai ba shi da wani dare na musamman, ba kuma ruwansa da waya. Dare da rana yake sauka a kan gonakin geron Sae Sabuwa ta ƙasar Gidan Rumji, tun kafin a kafa garin.

Wani masani ɗan Ostiriya, Victor Hess, shi ya gano shi a 1912, da ya hau balan-balan ya wuce mita 5,000 a sama, ya ga na'urarsa tana nuna ƙaruwar tartsatsin maimakon raguwa. Ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, da yawansu daga taurarin da suka fashe suke, gudunsu ya kusa na haske. Mafi yawansu marasa nauyi ne. Kaɗan daga ciki, irin na baƙin ƙarfe, su ne masu ɓarna, domin sukan huda bangon kumbo su ratsa ƙoƙon kai, suna lalata duk abin da suka bi ta kansa. Ƴan sama jannatin da suka je wata a 1969 sun ba da labarin ganin walƙiya alhali idanunsu a rufe suke.

Maganar ƙwaƙwalwa daga ɓeraye ta taso. A 2012 masu bincike na Jami'ar Rochester a Amurka suka harba wa ɓeraye ƙwayoyin baƙin ƙarfe a ɗakin gwaji na Brookhaven, sai dattin nan da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer ya ƙaru, ɓerayen kuma suka riƙa mantuwa. A 2015 ayarin Charles Limoli na Jami'ar Kalifoniya ya duba jijiyoyin ƙwaƙwalwar wasu ɓerayen, ya iske rassan da suke isar da saƙo a tsakaninsu sun ragu, kamar gawon da makiyaya suka sassare. Daga baya kuma aka ga kumburi da ya ƙi lafawa har watanni. Waɗannan duka alamu ne da aka saba gani a ƙwaƙwalwar da ta tsufa, shi ya sa ake cewa tartsatsin na iya gaggauto tsufanta.

A nan ne ya kamata mai karatu ya ja birki. Ɓera ba mutum ba ne. Na Rochester ma tun asali an shirya su ne da halittar kamuwa da cutar, kuma abin da ɗan sama jannati zai kwasa a hankali cikin watanni, su a zama ɗaya aka ɗora musu. Mutanen shirin Apollo da suka yi nisa har wata su 24 ne kacal, ba kuma wanda tafiyarsa ta kai mako biyu.

Damuwar ta masu shirin zuwa duniyar Mas ce. Na'urar Curiosity da aka aika can ta auna tartsatsin a kan hanyarta, aka ƙiyasta cewa zuwa da dawowa kaɗai zai ɗora wa mutum kusan milisibat 660 (ma'aunin tartsatsin da jiki ya kwasa), alhali a doron ƙasa abin da mutum ke samu daga samaniya a shekara bai kai rabin milisibat ba. Mu dai Mas ce ta aiko mana, ba mu je ba: a 1962 wani dutsenta mai kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin ƙasar Katsina, kuma da tabon da wannan tartsatsi ya bari a jikinsa aka lissafa cewa ya yi kusan shekara miliyan 3 yana yawo a sarari.

Mu da ke ƙasa, Allah Ya yi mana kariya biyu. Iskar da ke samanmu nauyinta ya kai na ruwa mai zurfin mita 10, ga kuma maganaɗisun duniya da ke karkatar da ƙwayoyin, wanda ya fi tasiri a ƙasashe irin Nijar da ke kusa da tsakiyar duniya. Maniyyacin da ya hau jirgi daga Yamai zuwa Jidda, abin da zai kwasa bai kai na hoton ƙirji ɗaya a asibiti ba.

Abin da ke tsofar da ƙwaƙwalwa a ƙasar Gidan Rumji a ƙasa yake, ba a sama ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya kaucewa, masu hannu a kusan rabin gigin tsufa a duniya, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, taba, gurɓatacciyar iska, buguwar kai da raunin ji da aka ƙyale ba magani. Duk wanda ya haura arba'in, ya daure ya je likita a gwada masa jini, ɗan kabu-kabu kuma ya sa hular kwano.