Mayen zurfi: Abin da ke rikita mai nitso kafin ruwa ya ci shi

A garuruwan da ke maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, irin su Rurum a ƙasar Rano, idan ruwa ya ci mutum masunta ake fara kira. Su ne ke nitsawa da numfashi ɗaya su lalubo gawa cikin laka. Idan kuwa gwanin ruwa ne ya halaka, sai a ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Likitocin masu nitso suna da wani bayanin, kuma ya shafi Tiga, domin bangon madatsar, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ya kai kusan mita 48.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ɗan'adam ke shaƙa naitirojin ne, wanda a doron ƙasa ba ya yi wa jiki komai. Amma duk mita 10 da mutum ya nitsa, ruwa na ƙara masa matsi kwatankwacin na iskar sararin duniya baki ɗaya. A mita 30 matsin ya ninka huɗu ke nan. Wanda ya goya tukunyar iska yana shaƙarta a wannan zurfi, naitirojin mai yawa zai narke cikin jininsa, ya isa ƙwaƙwalwa, ya dagula saƙonnin jijiyoyi. Sai ya zama kamar wanda ya bugu: lissafi ya gagara, hannu ya yi nauyi, wani ya cika da nishaɗi marar dalili, wani kuma tsoro ya lulluɓe shi. Likitan sojan ruwan Amurka Albert Behnke da abokan aikinsa ne suka tabbatar a 1935 cewa naitirojin ne sanadi. A 1947 Maurice Fargues, abokin aikin shahararren mai nitson nan na Faransa Jacques Cousteau, ya rasu bayan ya kai mita 120. Yau masu nitson nishaɗi ba a yarda su wuce mita 40 ba.

Abin mamaki, maganin mayen ba shi da wuya: mutum ya hauro 'yan mitoci a hankali, sai hankalinsa ya dawo. Matsalar ita ce mai maye bai cika sanin yana maye ba. Sanyi da duhu da gajiya na ƙara tsananta shi, ruwan madatsa kuwa, musamman da damina, gurɓatacce ne da ba a ganin ko tafin hannu.

A nan firgici ke shigowa, kuma sau da yawa shi ne ajali. Wanda ya kiɗime yakan yi numfashi sama-sama, iskar da ya kamata ya fitar ta taru a jini, ya ji kamar ana shaƙe shi, har ya cire abin numfashin daga baki ya yi sama a guje. Iskar da ke huhu tana ninka girmanta biyu tsakanin mita 10 da saman ruwa. Idan ya riƙe numfashi, huhu na iya tsagewa, kumfar iska ta shiga jini. Ko bai riƙe ba, naitirojin da ya narke a jiki zai iya tasowa kamar kumfar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa, ya jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Shi ya sa a watan Mayun 2013, lokacin da aka ceto Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya yi kusan sa'o'i 60 da rai a zurfin mita 30 a gaɓar tekun Nijeriya, ba a fito da shi sarari kai-tsaye ba, sai da ya yi kwanaki a wani ɗaki mai matsin iska.

Masuncin da ke nitso da numfashi ɗaya bai cika kaiwa zurfin maye ba. Nasa haɗarin shi ne suma, idan oksijin ya ƙare masa dab da saman ruwa.

Bayan kifewar kwale-kwale a madatsar Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, an yi ta kiran a inganta aikin ceto. Kiran daidai ne. Sai dai tukunyar iska a bayan wanda ba a koya masa iyakar zurfi da saurin haurowa ba, za ta kai shi inda numfashinsa bai taɓa kai shi ba. Duk kasafin da gwamnatin Kano ko hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are za su ware wa kayan nitso, ya kamata a ga kuɗin horo a cikinsa, da sunan asibitin da za a kai wanda ya hauro da gaggawa.