Masu gyaran jirgin sama

Yara, in mota ta lalace, direba yakan tsaya a gefen hanya, ya kira makaniki. To, jirgin sama fa? A sama babu gefen hanya. Shi ya sa ake duba jirgi tun yana ƙasa.

Makanikin jirgi yana duba tayoyi da birki da mai. Yana haska cikin inji da tocila, ko tsuntsu ya faɗa ciki. In ya gama, sai ya ƙidaya kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Sufana guda da aka manta a cikin inji tana iya halaka mutane da yawa! Daga nan ya sa hannu a littafin jirgin. In bai sa hannu ba, matuƙi ba zai tashi ba.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Shekaru da yawa bayan haka, Turawa ne ke riƙe da wannan aiki. A 1964 gwamnatin Nijeriya ta haɗa kai da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kafa makarantar aikin jiragen sama a Zariya. Majalisar ta kawo malamai da kayan koyarwa, don 'yan Afirka su koyi tuƙi da gyara da kansu.

Maza da mata duka suna shiga makarantar. Amma sai wanda ya iya lissafi, kuma ba ya gaggawa.