Nasiha Ga Wanda Ya Sayi Abin Kunne Bai Ji Daɗinsa Ba

Wannan bayani ne a kan wani ɗan abu da ya shiga aljihun malamai da almajirai da 'yan kasuwa a wannan zamani, watau abin sawa a kunne, wanda samari ke kira iyafis.

Duk wanda ya ratsa kasuwar Sabon Gari ta Zariya, ko ya bi ta PZ, ko ya isa Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, lalle zai gan su rataye a rumfuna kamar carbi, wasu masu igiya, wasu marasa igiya. Ɗalibi yakan saya don darasi, gardi don tilawa, mai shago kuwa don ya saurari tafsiri ba tare da ya dami maƙwabcinsa ba. To, sau da yawa mutum yakan saya a rufe cikin kwali, sai ya je gida ya sa karatu, ya ji muryar alaramma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Daga nan sai ya jefar ya sake sayen wani, ko kuwa ya ƙure ƙara yana zaton ita ce magani. Na farko ya yi hasarar kuɗi. Na biyu kuwa yana hasarar jinsa, wanda ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

Malaman hadisi idan ruwaya ta zo musu da rauni, sukan bi masu ruwayar ɗaya bayan ɗaya har su gano inda illa take. Haka sauti yake, yana da tasa silsila: asalin karatun da aka ɗauka, sa'an nan wayar hannu, sa'an nan igiya da bakinta, sa'an nan abin kunnen, daga ƙarshe kunnen mai sauraro. Abin kunne mai ruwaya ɗaya ne cikin biyar, bai kamata a yanke masa hukunci ba sai an binciki sauran.

Fasali a kan asalinsa da yadda yake aiki

Wani Ba'amurke, Nathaniel Baldwin, ya ƙera irin wanda ake ɗorawa a ka a 1910, sojojin ruwan ƙasarsu suka saya. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman, akwatin kaset na aljihu, abin kunne ya zama abokin tafiya. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali karatun da ke cikin kaset ya koma cikin waya da memori.

A cikin kowane ɗan kunne akwai maganaɗisu, da naɗin zaren jan ƙarfe, da wata 'yar leda shimfiɗe kamar fatar ganga. Idan lantarki ya bi zaren sai ledar ta yi rawa, ta kaɗa iska, iskar ta bugi dodon kunne. Rawa a hankali ita ke ba da murya mai kauri irin ta tambari, rawa da sauri kuwa ita ke ba da siririya irin ta sarewa. Kunnen yaro lafiyayye yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda.

A nan ne maganar ta shafi mai Alƙur'ani. Gunna da nauyin murya suna ɓangaren kauri. Haruffan fito kuwa, watau sin da sodi da zaira, galibin ƙarfinsu yana sama da kaɗawa 4,000. Tsohon layin tarho ba ya wuce 3,400, shi ya sa a cikinsa sin kan rikice da fa. Yawancin abin kunne masu araha an yi su ne don masu son kiɗa, an cika musu kauri, kaurin sai ya danne siririn sauti. Almajirin da ke gyara haddarsa da irin wannan yana iya ɗaukar harafi ba daidai ba alhali bai sani ba. Wannan kuwa tunatarwa ce cewa na'ura mataimakiya ce kurum, gyaran baki sai a gaban malami.

Fasali a kan asalin karatun

Abin da aka ɗauka da lahani, babu abin kunnen da zai warkar da shi. Karatun da aka ɗauka ta hanyar miƙa waya gaban lasifikar masallaci yana tafe da amsa-kuwwa da tarin jama'a. Wanda aka kwafo daga tsohon kaset, kaset ɗin ma daga wani, ya riga ya dushe. Akwai kuma wanda aka matse don kada ya ci wuri, kuma siririn sauti shi ne farkon abin da matsi ke zubarwa. Ga ma'auni mai sauƙi: karatun awa guda da aka ajiye da matsakaicin inganci, watau kilobit 128 a daƙiƙa, yakan kai wajen megabait 57. Idan aka ga awa guda a cikin megabait 7, an matse shi ƙwarai.

Saboda haka ya kamata mutum ya ajiye karatu ɗaya tsabtatacce wanda kunnensa ya sani, ya riƙa gwaji da shi. Murattal na Shaihu Mahmud Halil al-Husari na Misra ya dace da wannan, domin a natse yake, harafi-harafi. Ya ɗauki Alƙur'ani duka da ruwayar Hafsu a 1961, da ta Warshu, wadda makarantun allo na ƙasar nan suka gada, a 1964. In wannan ya fito sarai, wani kuwa ya fito a dagule, to abin kunne ya kuɓuta daga zargi.

Fasali a kan waya da igiya

Bakin igiya, wanda kaurinsa milimita 3.5 ne, yana da zobba. Mai zobe biyu na sauraro ne kawai, mai zobe uku yana da abin magana. Idan bakin bai shige har ƙarshe ba, sauti yakan fito a kunne ɗaya, ko murya ta ɓace a bar amo. Abin da ke hana shi shiga, ko dai rigar waya mai kauri ce, ko kuwa zare da ƙurar aljihu da suka cushe ramin. Sai a kashe wayar, a sa tsinken sakace na ice a zaƙulo a hankali. Kada a sa allura.

Masu zobe uku kuma tsari biyu ne. Tsofaffin wayoyin Nokia da wasunsu sun bi ɗaya, yawancin na baya sun bi ɗayan. In aka haɗa waya da igiyar da ba tsarinta ba, murya takan yi nisa, amma da an danne maɓallin igiyar sai ta dawo daidai. Wanda ya ga wannan alama ya sani kayan lafiya lau suke, jituwa ce babu, sai a musanya. Idan kuwa sauti yana yankewa duk sa'ad da aka motsa igiya kusa da baki, zare ne ya tsinke a ciki, masu gyaran waya sukan yanke su liƙa sabon baki da dalma. Marasa igiya, masu aiki da Bluetooth, nasu ciwon raunin batir ne da nisa. Yawancinsu ba sa wuce kamar mita 10, bango kuwa yana rage musu.

A cikin saitin wayoyi da yawa akwai ma'aunin sauti da ake kira ikwalaiza, jerin sanduna daga kauri a hagu zuwa siriri a dama. Mai son karatu ya sauke na hagu kaɗan, ya ɗaga na wajen 2,000 zuwa 4,000 kaɗan. Sauke abin da ya yi yawa ya fi ɗaga abin da ya gaza, gama ɗagawa da yawa tana sa ƙaramar leda ta yi ƙarƙara. A kashe kuma duk wani saitin ƙarin kauri ko na amon zaure. Mai sauraro da kunne ɗaya, kamar mai jiran shago, ya nemi saitin mono, wanda ke tara sautin hagu da dama wuri guda.

Fasali a kan abin kunnen kansa

Mafi yawan gyara a nan yake, kuma kusan kyauta ne. Irin mai robar baki an yi shi ne ya toshe ƙofar kunne kamar marfin kwalba. In robar ta yi ƙanƙanta iska takan zurare, murya ta zama fayau ba nauyi, hayaniyar waje kuma ta shigo. Galibi kwali yakan zo da roba girma uku, amma mutane sukan zubar da biyu tare da kwalin. A gwada duka, domin ba mamaki kunnen dama ya so babba, na hagu ya so matsakaiciya. Wajen sawa, a ɗaga saman kunne da ɗaya hannun, a tura a hankali, sa'an nan a saki. Alamar ya zauna ita ce mutum ya ji hayaniyar kasuwa ta ja baya tun bai kunna komai ba.

A bakin kowane ɗaya kuma akwai 'yar raga. Dauɗar kunne da ƙurar hunturu sukan liƙe ta, har gefe ɗaya ya yi ƙasa da ɗaya, mai shi ya ce ya mutu. A cire robar a wanke ta da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai. Ragar kuwa a kifa ta ƙasa, a goge da busasshen buroshi mai laushi don dattin ya zubo waje. Ruwa kada ya taɓa ta.

Amma gyara yana da iyaka. Wanda ledarsa ta yage, yana ƙarƙara ko da an rage ƙara, ya gama aiki. Maganar da ake yi cewa a bar sabo yana kiɗa kwana da kwanaki zai nuna, ba ta mai da jabu ya zama na gaske.

Fasali a kan kunne

Wannan shi ne mafi girman fasali. A can cikin kunne akwai ƙananan gasu masu karɓar sauti, wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa, kuma masu karɓar siririn sauti su ke fara lalacewa. Ashe mai ƙure ƙara don ya ji sin da sodi, jin sin da sodin ne yake fara kashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75. In aka kai desibel 90, awa 4 kacal ke nan a mako duka. Shawararta ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar waya.

Abin da ke tura mutum ga ƙara shi ne hayaniya: injin niƙa, janareto, motocin Kwangila. Robar da ta zauna daidai tana tare wannan, sai kaɗan ya wadatar. Wanda ya cire abin kunne ya ji kunnensa na kuka, ko maganar mutane ta yi masa nisa, ya sani ya wuce haddi. In abin ya daɗe, ya nemi likitan kunne, akwai su a asibitin koyarwa na Shika da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza tura dauɗa ciki yake yi. Mai tuƙa babur da mai ƙetare titi ko hanyar jirgi kuwa, su cire shi sam.

Fasali a kan hakkin ciniki

Idan an bi silsilar duka aka tabbata aibin daga kayan ne, magana ta koma ga fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma haram ne ya sayar da jabu da sunan na asali. Mai saye in ya ga tsohon aibi da ya ɓoyu gare shi lokacin ciniki, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma in ya ci gaba da amfani bayan ya gani, an ɗauka ya yarda. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta halatta ciniki bisa sharaɗin zaɓi na ɗan lokacin da zai isa a jarraba kaya. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ita ma ta ba da hakkin mayar da kaya masu lahani.

Sai dai a yi adalci. Mai kunne ɗaya a mace aibi ne, jabu da aka kira na asali algus ne. Amma wanda ya sayi mai araha da saninsa, ya tarar muryarsa ba ta kai ta mai tsada ba, ba shi da hujja a kan ɗan kasuwa, araha ba ta ado. Mafita ga ɓangarorin biyu ita ce gwaji a gaban rumfa: mai saye ya zo da wayarsa da karatunsa, ya ji hagu, ya ji dama, ya motsa igiya, su ambaci wa'adin mayarwa da baki kafin kuɗi su fita. Ɗan kasuwar da ya buɗe guda ɗaya na kowane iri don gwaji, yana goge shi bayan kowane mutum, ya huta da rigima, ya kuma sami abokan ciniki masu dawowa. Hausawa sun ce sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Allah ya kiyaye wa jama'a jinsu da ganinsu, ya sa albarka a karatu da kasuwa.