Diskinku na waje ya faɗi ƙasa? Ga abin da za ku yi kafin ku sake jona shi

Yau maganar ajiya za mu yi, wato wannan ɗan akwati mai kamar girman tafin hannu da ake jonawa a kwamfuta da wayar USB, wanda muka saba kira diski dur na waje. Masu ɗaukar hoton biki suna da shi, ɗaliban jami'a suna zuba kundin kammala karatunsu a ciki, ƙungiyoyi suna ajiye lissafinsu, mu ma a gidan radiyo a cikinsa muke tara shirye-shirye.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, ya taɓa faruwa da mu. Wata rana ana cikin kwafar wani shiri, ƙafar wani abokin aikinmu ta ja wayar, diskin ya faɗo daga tebur. Ba wani tsawo ba ne. Muka ɗauka, muka hura, muka mayar. Sai muka ji yana ƙas, ƙas, ƙas. Muka cire muka sake jonawa, muka kai shi wata kwamfutar, haka muka yini. Washegari aka kai wa wani mai gyara, ya kwance shi da turnabis a kan teburinsa. A cikin diskin akwai hirarraki da dattawa, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Abin da muka tsira da shi sai ɗan wanda ke cikin wayoyin abokan aiki. Daga baya muka fahimci cewa ɓarnar da muka yi da hannunmu bayan faɗuwar ta fi ta faɗuwar kanta.

Me ke cikin akwatin?

Waɗanda suka san garmaho za su gane da sauri. A ciki akwai faifai ɗaya ko fiye, na gilashi ko na alminiyom, an shafe shi da wani siririn sinadari mai maganaɗisu, a nan ake rubuta bayanai. Ƙananan diski na waje galibi faifansu yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa. Sannan akwai hannu mai ɗauke da ɗan kai, shi ke karantawa da rubutawa.

Bambancinsa da garmaho shi ne, allurar garmaho tana taɓa faifai, shi kuwa wannan kan ba ya taɓawa. Iskar da juyawar faifan ke tayarwa ce take ɗaga shi, yana shawagi a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba. Silin gashi ɗaya ya fi wannan tazara kauri sau dubbai. To in diski ya bugu alhali yana aiki, kan yakan daki faifan, ya lanƙwashe ko ya kankare fuskar faifan. Wurin da aka kankare, bayanan da ke nan sun tafi ke nan, babu injin da zai maido su. Kuma garin da kankarar ta tayar yana nan a ciki yana yawo, duk lokacin da aka sake kunnawa sai ya ƙara ƙarzar wani wurin. Shi ya sa kowace jonawa take rage abin da za a iya cetowa.

Ku saurara sau ɗaya, ku cire

In diski ya faɗi yana kashe, kuma jikinsa bai fashe ba, ana iya jona shi sau ɗaya, na ɗan lokaci, a kasa kunne. Abin da za ku ji yana nuna inda ciwon yake.

In kuka ji ƙas-ƙas yana maimaituwa, yawanci kan ne ya kasa karanta faifan, yana zuwa yana komawa. In kuka ji ɗan kuka siriri kamar tsiii, faifan kuma bai tashi ba, sau da yawa kan ne ya manne a jikin faifan, ko injin juyawar ya cije. In kuka ji kamar ana gurza ƙarfe, faifan ake kankarewa. A duk waɗannan uku, ku zare wayar nan take, kada ku sake.

In ba ku ji komai ba, babu juyawa, ɗan fitilarsa ma bai kama ba, wannan ya fi sauƙi, domin matsalar takan kasance a waya, ko a bakin USB ɗin, ko a allon lantarkin da ke ƙarƙashin diskin. In kuwa yana juyawa sumul ba ƙara, kwamfuta ta gan shi amma yana nauyi yana tsayawa, to wasu wurare ne a faifan suka fara lalacewa. Akwai sauran dama, amma lokaci kaɗan ne.

Abu ɗaya kuma: ƙarancin wuta ma yana sa diski ya yi ƙara. Wayar da ta tsufa, ko bakin USB na gaban kwamfutar tebur, ba kullum suke ba da isasshen kuran ba. In diskin bai taɓa faɗuwa ba ya fara haka, ku gwada wata gajeriyar waya mai kyau, a bakin baya, sau ɗaya.

Abubuwan da ba a yi

Na farko, kada a buɗe shi. A nan mu bambance abu biyu. Akwai rigar roba ta waje, cire ta ba laifi. Amma murfin ƙarfe na ciki, mai takarda a manne da ƙananan kusoshi masu kan tauraro, shi ne ba a taɓawa. Masu wannan sana'a suna buɗe shi ne a ɗaki ko a kan teburi na musamman mai tace iska. Ku tuna da ƙurarmu ta hunturu, wadda ko an rufe taga sai ta kwanta a kan tebur. Ƙwaya ɗaya tata ta fi tazarar da ke tsakanin kan da faifan girma nesa ba kusa ba. Mai gyaran waya yana iya zama gwani a aikinsa, amma in ya ce bari ya buɗe ya duba, ku ce masa a'a cikin mutunci.

Na biyu, kada a sa shi a firigo. Wannan tsohuwar dabara ce da ke yawo a intanet. In an fito da shi cikin zafinmu, raɓa ce za ta kwanta a jikinsa har cikin faifan. Haka nan kada a bubbuga shi ko a girgiza wai don ya saki.

Na uku, in Windows ya fito da saƙo cewa sai an yi formate kafin a yi amfani da diskin, ku ƙi. In ya ce a bari ya bincika ya gyara, shi ma ku ƙi. Wannan gyaran, da ake kira chkdsk, yana yin rubutu a kan diskin yana sauya tsarin fayiloli, kuma yana wahalar da kan da ya riga ya jikkata. Garin neman gira sai a rasa ido.

Na huɗu, kada a saki manhajar maido da fayiloli kai tsaye a kan diskin da ya bugu. Irin su Recuva da PhotoRec suna da amfani sosai in an goge abu bisa kuskure a diski mai lafiya. Amma suna bin faifan ne na awoyi, kuma mai rauni ba ya jure wannan.

In ruwa ne ya ci shi, kamar yadda ambaliyar damina ke shiga gidaje da ofisoshi, kada a kunna, kada a shanya a rana, kada a buɗe. A sa shi a leda a ɗaure, a nemi ƙwararre da wuri, domin in ruwan ya bushe a ciki yakan bar datti a fuskar faifan.

Abin da za a iya yi a nan gida

Matsalar da ta fi sauƙi ita ce bakin USB da ya girgiɗe ko ya karye. A diski da yawa, in an cire rigar robar za a tarar da diski irin na cikin kwamfutar hannu, da ɗan allo da aka maƙala masa a baki. Sai a zare ɗan allon, a sa diskin a wata sabuwar riga ko a jona shi da wayar SATA, ya tashi lafiya. Amma ku lura, wasu ƙananan diski na WD da na Toshiba bakin USB ɗin a jikin allonsu yake, ba ya cirewa. Waɗannan sai mai hannun walda ya maida bakin. Nan kam mai gyaran waya na kirki zai yi amfani, tunda aikin a waje yake.

In allon lantarkin ne ya ƙone, kada a ɗauka canza shi da na wani diski mai kama da shi ya isa. A jikin allon akwai ɗan guntu mai riƙe da saitin da ya keɓanta da wannan diskin shi kaɗai. Sai an ɗauke shi an maida kan sabon allon kafin ya yi aiki. Saboda haka ko allon ya ƙone, kada ku yarda a jefar da shi.

In diskin yana juyawa ba ƙara kuma kwamfuta tana ganinsa, ƙa'idar ita ce a kwafe tukuna, gyara daga baya. In abin da kuke buƙata kaɗan ne, ku fara da mafi muhimmanci, kundin nan ko hotunan nan, ku bar fina-finai da waƙoƙi. In duka kuke so, ku nemi wanda ya iya Linux ya yi muku amfani da GNU ddrescue. Manhaja ce ta kyauta. Tana kwafe diskin kacokan zuwa wani diski mai lafiya, ta fara da wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sai a ƙarshe ta komo kansu. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, ko kuran ya ɗauke za ta ci gaba daga nan. Ana buƙatar diski na biyu wanda ya kai na farko girma ko ya fi shi, kuma mai aikin ya tabbatar wanne ake kwafa daga gare shi, wanne ake zubawa, domin in ya juya su ya shafe komai. Bayan an gama, sai a ajiye mai ciwon gefe, a yi aikin TestDisk ko PhotoRec a kan kwafin. Su ma kyauta ne, wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙiro su. Abin da aka ceto kuma kada a maida shi kan diskin da ya lalace.

In sai an kai wa ƙwararru

Diskin da ke ƙas-ƙas ko ya cije, aikin ɗakin gwaji ne. Sukan samo wani diski iri ɗaya sak, su cire kansa su dasa wa mai ciwon, su lallaɓa shi da injina irin su PC-3000 har su kwashe abin da ke ciki. Diskin ba ya komawa aiki bayan haka, bayanan kawai ake nema. Kuɗin yakan ninka farashin sabon diski sau da yawa, kuma ku sa a ranku cewa ana iya aika shi wata ƙasa. Kafin ku miƙa, ku tambaya: a ina za a buɗe shi? In ba a samu komai ba nawa za a biya? Za a nuna jerin fayilolin da aka samu kafin a biya? Wa zai ga hotunan iyali da takardun da ke ciki? Ku kuma faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, har da yawan jonawar da aka yi. In za a yi tafiya da shi, a naɗe shi da soso ko tsumma mai kauri cikin kwali, kada a jefa shi aljihu a hau kabu-kabu.

Don ku san abin da ƙwararru ke iyawa, a shekarar 2003 kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse a sama yana dawowa. An tsinci wani diski nasa a ƙasa, ya ƙone ya narke ta waje. Kamfanin Kroll Ontrack ya ceto kusan kashi 99 cikin 100 na bayanan da ke ciki, domin ɓangaren faifan da aka yi rubutun a kai bai lalace ba. Kun ga dai, lafiyar faifan ita ce komai, ita kuma muke lalatawa da yawan jonawa.

Duk wannan bayani na diski mai faifai ne. Wanda ake kira SSD, da kile USB, da katin memori, babu abin da ke juyawa a cikinsu, sun fi jure faɗuwa. Amma su ma suna mutuwa, sau da yawa ba tare da wata alama ba, kuma ceto daga cikinsu ba shi da sauƙi.

Kafin ya faɗi

Abin da ke wuri ɗaya tak ba a ajiye yake ba. Masana suna ba da shawarar kwafi 3, a kan abubuwa iri 2, ɗaya kuma a wani wuri daban, don gobara ko ruwa ko ɓarawo. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wannan yana iya zama kwamfuta, da diski, da asusun Google mai ba da giga 15 kyauta, wanda ya ishi takardu da kundin karatu. Kada a motsa diski yana aiki, kada a bar wayarsa tana lilo a hanyar wucewa, kada a bar shi cikin mota a rana, kuma a riƙa fitar da shi ta kwamfuta kafin a zare.

Mu dai yanzu diski biyu gare mu, ɗaya yana kwana a wani gida daban, kuma duk Juma'a ake sabunta shi. Wanda ke da tambaya, ko wanda irin haka ta taɓa samu, ya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.