Sulken tururuwa da fumfuna

Mai karatu, ka taɓa kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram? To, ka ga lifidi da sulke. Zamanin Sarki Tanimu, da su barade ke tare kibiya da mashi.

Tururuwa ma tana da nata sulke. Ba ta da ƙashi a ciki. Ɓawon da ke bayan jikinta, shi ne ƙashinta, shi ne garkuwarta.

Amma tana da abokiyar gaba, wato fumfuna. Ka san fumfunar da ke fita a kan tuwon da ya kwana biyu? To, akwai wata iri cikin ƙasa, sunanta Metarhizium. Ƙwayarta ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. In ta manne a jikin ƙwaro, sai ta tsira, ta huda ɓawon, ta ci shi daga ciki har ya mutu.

Shi ya sa tururuwa ke lasar juna, suna share jikinsu. In ɗaya ta mutu, sai su fitar da gawar daga rami.

A shekarar 2020, masana a Amurka sun binciki wata tururuwa ta ƙasar Panama. Sun tarar jikinta a lulluɓe da ɓawon dutse, dangin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Wadda ke da wannan sulke ta fi jure wa fumfuna.

Ina ruwanka da wannan labari? Ai fara da babe ba su da irin wannan sulke na dutse. A nan Nijar aka samu wata fumfuna ta wannan dangi a jikin matacciyar fara. Aka yi magani da ita, ana gauraya ta da mai a fesa. A shekarun 1990 an gwada shi a wajen Maine Soroa, gabas da Damagaram, kuma ya yi aiki. Ba ya cutar da mutum, ko bisashe, ko tsuntsaye.

Sai dai yana son haƙuri. Farar ba ta faɗuwa nan take, sai bayan mako ɗaya zuwa uku. Saboda haka, in ka ga ƴaƴan fara kusa da gonarka, kar ka jira su yi fiffike. Je ka gaya wa malamin gona tun gero bai yi kai ba.