Idan rumbun kwamfuta ya mutu, kada a yi gaggawar binne shi

A gabashin Sakkwato, daga Isa zuwa Sabon Birni har Burkusuma da ke kusa da iyakar Nijar, takarda ba ta da tabbas a 'yan shekarun nan. Tun da hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari, iyalai da dama sun tsere, wasu har jihar Maraɗi, suka bar shaidar gona da sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa a ɗakunan da wuta ko gara ta cinye. Wani lokaci kwafin da ya rage yana cikin tsohuwar kwamfutar makaranta ko ta shagon buga takardu na bakin kasuwa. Ranar da rumbun ajiyar wannan kwamfuta ya ƙi tashi, haƙƙin mutane ne ke cikin haɗari.

Rumbun nan ƙaramin akwatin ƙarfe ne mai faya-fayai masu maganaɗisu, waɗanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Wata 'yar allura ce ke shawagi a kansu tana rubutu da karatu, tazararta da faifan ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Don haka faɗuwa daga kan babur, ko zafin bazara, ko wutar janareta mai hawa da sauka, kowanne na iya kassara shi.

Lalacewar iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Ta farko ita ce wadda rumbun ke aiki amma bayanan sun ɓace, saboda an goge su ko tsarinsu ya rikice. Galibi suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Gwani yakan fara kwafe rumbun gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye, sannan ya yi bincike a kan kwafin da manhaja irin su TestDisk ko PhotoRec. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora sabuwar Windows a kai, wanda tamkar yin shuka ne a kan kabari.

Ta biyu ita ce ƙonewar allon lantarkin da ke bayan rumbun. Ana iya samo irinsa sak, amma a yawancin rumbunan zamani sai an ciro ɗan guntun da ke riƙe da saitin tsohon allon an dasa a sabon.

Ta uku ta fi muni: rumbun ya riƙa ƙara ƙyas-ƙyas, alamar allurar ta samu matsala. A nan a kashe kwamfutar nan take, domin kowane kunnawa na iya karce faifan, kuma abin da aka karce ya tafi ke nan. Kada a bari mai gyaran waya ya kwance shi a rumfar kasuwa, musamman da hunturu. Ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba. Wannan aiki na ɗaki ne mai tataccen iska. Garin neman gira, kada a rasa ido.

Kada kuma a yanke ƙauna da wuri. Lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a 2003, an tsinci wani rumbunsa a ƙone a jihar Texas, amma kamfanin Ontrack ya ceto kusan kashi 99 cikin 100 na bayanan da ke ciki. Faya-fayan ne suka tsira, kuma suka faɗa hannun masu haƙuri.

Sai dai irin wannan ceto ya fi ƙarfin aljihun malamin firamare. Mafita mai araha ita ce kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani rumbu da aka ajiye a wani gari, ɗaya a intanet. Intanet kaɗai ba ta wadatar ba. Ba a manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni.

Ya kamata shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi su wajabta kwafe rajistar makarantu da asibitoci da filaye duk ƙarshen wata, a aika kwafi Sakkwato. Ranar da mutanen Gobir za su koma gonakinsu, tambayar farko da za a yi musu ita ce: ina shaida?